Filin Inna da Takalman Auta

Ranar da ƙanena ya baro makarantar ƙwallo, da jakar goyo ɗaya tal ya shigo gida. A cikinta akwai takalman wasa ƙafa biyu, da riguna uku masu lamba takwas, da wata takarda mai hatimi wadda ke shaida cewa ya yi shekara biyar yana karɓar horo. Farkon watan Yuli ne na 2015, ana tsakiyar azumi. Bayan an sha ruwa Inna ta karɓi takardar ta juya ta gaba da baya, duk da ba ta yi boko ba, sannan ta ɗaga kai ta ce, "To Auta, karatu ya ƙare, alhamdu lillahi. Yanzu ina ne wurin aikin?" Ya dube ni, ni kuma na dubi kwanon kunu. Mu uku a kan tabarma, babu mai amsa. Shekara goma ke nan da wannan dare, kuma har yau ina ganin da mun tsaya mun nemi amsar tambayar Inna tsakani da Allah, da abubuwa da yawa ba su faru ba.

Ga wanda bai san Lome ba, Zongon da nake magana a kai yana arewacin gari ne, kusan kilomita 15 daga bakin teku, a gefen babbar hanyar da ta bi ta Sokode da Kara har iyakar Burkina Faso. Tsohon Zongo a tsakiyar birni yake tun zamanin Jamusawa. A 1977 gwamnati ta rushe shi, ta kwaso mutane ta zube su a nan yankin Togblekope, inda yau ake kira Agoe-Zongo. Inna tana amarya aka yi wannan tashin. Ta sha ba mu labarin yadda ta ɗauko tukwanenta a ka tana waiwayen ɗakin da ba ta yi shekara a cikinsa ba. Tun daga ranar ta ƙudurta cewa sai ta mallaki ƙasa mai takarda, wadda babu mai cewa ta tashi. Shekara da shekaru tana soya ƙosai da dama koko a bakin titi, tana zubin adashe, har ta sayi fili a Adetikope. Ba ta samu halin gina shi ba, amma duk bayan salla sai ta hau mota ta je ta gan shi, ta cire ciyawa a jikin turakun iyaka, ta dawo.

Kakanninmu fatake ne. Goro da shanu suka fito da su daga ƙasar Hausa, kuma da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, da yawansu suka gangaro bakin teku. Babanmu dillalin shanu ne har ya rasu a 2009. Ni kuma na samu aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Lome, yawanci motocin da ake wucewa da su Nijar. Wato sana'ata ita ce duba takarda, in gane ta gaske da ta bogi. Ku riƙe wannan, domin zai dawo a gaba.

Auta yana da shekara tara lokacin da Togo ta je gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus. Ranar 13 ga Yuni muka cunkushe a shagon wani mai gyaran rediyo muna kallon wasa da Koriya ta Kudu. Da Mohamed Kader, ɗan Sokode, ya zura ƙwallo kafin hutun rabin lokaci, sai da benci ya karye. An ci mu biyu da ɗaya a ƙarshe, kuma ƙwallon nan ita kaɗai Togo ta ci a gasar, amma yaron bai yi barci ba a daren. Shekara ta zagayo, a 2007, aka yi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a nan gida, Togo ta kai wasan ƙarshe ta haɗu da Najeriya. Na ɗauke shi a kafaɗa muka shiga filin Kegue. 'Yan Zongo mun rasa bayan wa za mu bi, ƙasar haihuwa ko ƙasar kakanni. Najeriya ta yi nasara da ci ɗaya mai ban haushi. A hanyar komawa gida ya ce mini, "Yaya, waɗancan fa ba su girme ni da yawa ba." Daga ranar babu wata magana a bakinsa sai ƙwallo.

Yana da shekara 13 wata makarantar horar da 'yan wasa da ke wajen gari ta ɗauke shi, bayan gwajin da yara suka fi ɗari biyu suka shiga. Ba zan yi wa makarantar butulci ba. Sun ciyar da shi, sun sa shi ajin boko da rana, sun koya masa abin da ba a koyo a filin unguwa: yadda ake karɓar ƙwallo jiki a buɗe, yadda ake waiwaye kafin ta iso, lokacin da ake riƙewa da lokacin da ake saki. Ɗan wasan tsakiya ne, ba shi da tsawo sosai, amma yana da ido. Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne yadda irin wannan makaranta take rayuwa. Kasuwa ce. Tana kashe kuɗi a kan yara talatin da fatan ta sayar da ɗaya ko biyu. Dokar FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, don haka duk harkar ta rataya ne a kan shekarar da ya cika 18. In akwai ƙungiyar waje da ta riga ta sa masa ido, ya wuce. Haka Ahmed Musa ya jira ya cika 18 a 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan bayan ya bar Kano Pillars. In kuwa babu, to gadonsa da kwanon abincinsa wani ɗan shekara 13 yake jira. A ajin su Auta mutum biyu suka wuce. Sauran aka ba su takarda mai hatimi da addu'a.

Rashin sa'a ya haɗu da rashin sa'a. A shekarar da ya fito, babu gasar rukunin farko a Togo. Rikicin shugabanci ya dabaibaye hukumar ƙwallon ƙasar, gasa ta tsaya bayan kakar 2014, ba a dawo ba sai a 2016. Yaron da ya saba atisaye sau biyu a rana ya koma gudu shi kaɗai da asuba a gefen titi, manyan motoci suna watsa masa ƙura. Da yamma ya buga da 'yan unguwa, su kuma suna kiransa "ɗan Turai" cikin wasa. Wasan ya fi zagi ciwo.

Ana cikin haka Kawu, ƙanin Inna, ya dawo daga tafiya. Direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Lome da Yamai, kuma a tashar manyan motocin Sahel da ke nan kusa da mu yake ajiye motarsa. Ya zo da magana a bakinsa. Wani mai gidansa a Yamai yana cikin shugabannin wata ƙungiya ta rukunin farko, suna neman ɗan tsakiya. Za su ba shi ɗaki da abinci da sefa dubu 70 a wata, kwantiragin shekara biyu. Kawu ya ce shi da kansa zai kai shi a gaban mota, ya damƙa shi hannu da hannu.

Ni na hana. Ina tuna kalmomin da na faɗa, domin sun daɗe suna dawo mini. Na ce, "Kawu, mutane suna gangarowa teku, kai kana so ka mayar da shi hamada? Yaron da ya yi shekara biyar a makaranta?" Kawu ya yi shiru, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Ɗana, ni dai direba ne. Abin da na sani, ba a zuwa Yamai sai an kwana a hanya." Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Auta bai ce komai ba. A gidanmu ƙane ba ya musu da wa a gaban manya, kuma tun rasuwar Baba ni ne uba.

Gaskiyar abin da ke raina, Adebayor nake gani. Duk ɗan Lome ya san labarinsa: yaro daga Kodjoviakope, ya tafi Metz ta Faransa a 1999 yana ɗan shekara 15, daga nan Monaco, sai Arsenal a 2006, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 2008, ya taka leda a Manchester City da Real Madrid. Muna ganin motocinsa in ya zo hutu. Abin da ban lissafa ba shi ne, ya tafi ne kafin a kafa dokar shekara 18 a 2001, kuma a cikin dukan yaran da suka taso tare da shi a bakin teku, shi kaɗai ne Adebayor. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, amma wanda kwaɗayi ya rufe wa ido ba ya jin karin magana.

Bayan wata huɗu dillalin ya bayyana. Wani abokin aikina ne ya haɗa mu. Mutum ne mai tsabta, mai sanyin murya, wayarsa cike da hotunansa tare da 'yan wasan da muka sani. Ya kalli Auta a wasa ɗaya ya ce wannan ba kayan Afirka ba ne. Ya nuna mini wasiƙar gayyata daga wata ƙungiya a Turkiyya, da tambarinta a sama da sa hannu a ƙasa. Gwajin mako biyu, in an dace kwantiragin shekara uku. Abin da ake bukata sefa miliyan biyu da rabi, kuɗin biza da tikiti da abin da ya kira kuɗin rajista.

A shekarar nan ta 2015 FIFA ta soke tsarin ba wakilan 'yan wasa lasisi, ta bar kusan kowa ya iya shiga tsakani, ba ta dawo da jarrabawar lasisi ba sai a 2023. Amma ba zan ɓuya a bayan FIFA ba. Akwai lambar waya a jikin wasiƙar nan. Ni da nake kiran Antwerp da Dubai a kan takardar tsohuwar mota, ban kira ba. Na ji tsoron abin da za a faɗa mini. Daga baya na san abin da duk mai harkar ya sani: ƙungiyar da take son ganin ɗan wasa da gaske ita take biyan tikitinsa da masaukinsa, kuma wakilin gaskiya daga cikin kwantiragi yake samun la'adarsa, ba daga hannun uwar yaro ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ni ɗan dillali ne. Na taso ina ganin yadda Baba yake aiki. Bafatake ya sauka da shanunsa a gidan mai gida, mai gida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya nemo mai saye, ya tsaya a kan bashi. In mahauci ya gudu da kuɗi, mai gida ne zai biya, domin sunansa ne jarinsa, kuma kowa ya san ƙofar gidansa. Ba a taɓa biyan la'ada kafin ciniki ya faɗa ba. Wannan mutumin kuwa ban san gidansa ba, ban san wanda ya haife shi ba, ban san wanda zai tsaya masa ba. Da sa zan ba shi, da na yi bincike. Amma na ba shi ƙanena.

Ni na je wa Inna da maganar fili. Na ce mata aro ne, cikin shekara ɗaya Auta zai saya mata wanda ya fi shi, har da gini. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta tashi ta buɗe akwatin ƙarfenta, ta ciro takardun daga cikin wani tsohon zane, ta miƙo mini da hannu biyu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kai ne babba. Allah ya sa alheri." Aka sayar da filin miliyan uku.

A watan Fabrairu na 2016 muka raka shi filin jirgi. Makonnin farko hotuna suka riƙa zuwa: ga shi cikin rigar sanyi, ga shi a gaban wani babban filin wasa, ga shi a kan ciyawa da wasu baƙaƙen fata. In na tambayi kwantiragi sai ya ce ana kan magana. Ni kuma in ɗauki hotunan in nuna a majalisa. Har na fara tafiya wata iri.

Daren 15 ga Yuli 2016, daren da sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki a Turkiyya, wayata ta yi ƙara wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ina jin rugugin jirage a bayan muryarsa. Yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Yaya, in na mutu a nan ku yafe mini. Babu wata ƙungiya. Tun farko babu." A daren nan ya faɗa mini komai. Wani ya tarbe shi a filin jirgin Istanbul, ya kai shi wani ƙaramin otal a Aksaray da aka biya wa kwana uku, ya ce gobe zai zo ya kai shi atisaye. Bai sake ganinsa ba. Ya nemi ofishin ƙungiyar da kansa, mai gadi ya dubi wasiƙar ya girgiza kai, da alama ba shi ne na farko ba. Bizarsa ta wata ɗaya ta ƙare. Wasu 'yan Najeriya da 'yan Kamaru suka ɗauke shi, su takwas a ɗaki ɗaya a Kumkapi, kowannensu da irin wasiƙarsa. Da safe su je wani fili a Ferikoy su yi atisaye da fatan wani zai zo kallo, da rana ya yi dakon dilolin tufafi a Laleli. A can ne ya ji cewa rukunai biyu na sama ne kawai suke ɗaukar baƙi a ƙwallon ƙwararru na ƙasar, kuma waɗannan ba sa ɗaukar wanda bai taɓa buga wa babbar ƙungiya ko wasa ɗaya ba.

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa tun da wuri ba. Ya ce, "Filin Inna fa, Yaya. Da wane baki?"

Sai da muka ƙara wata tara kafin na haɗa kuɗin tikiti da tarar wuce wa'adin biza, rabi bashi. Ya sauka a watan Afrilu na 2017 da dare, kamar yadda ya roƙa, don kada a gan shi. Ya rame, kuma ya shekara biyu rabonsa da wasan gasa. Wannan ita ce asarar da ba a lissafawa. Kuɗi ana iya mayarwa, amma tsakanin shekara 18 da 21 ne ɗan wasa yake koyon karo da manya, ya saba da matsin 'yan kallo, ya tara wasannin da wata ƙungiya za ta duba. Wanda ya yi waɗannan shekaru a layin jira, ko ya dawo, ya tarar 'yan bayansa sun sha gabansa. Wata uku bai fita ko masallacin unguwa ba sai da asuba. Inna ba ta taɓa ambaton fili ba, ko sau ɗaya. Ta dai daina zuwa ko'ina bayan salla. Ni da shi kuwa muka koma gaisuwa kawai.

Wanda ya fito da shi daga ɗaki tsohon kocinsa ne na unguwa, wani tela da ya koya musu ƙwallo tun suna buga ta ba takalmi. Ya zo ya zauna a ƙofar ɗakin ya ce ba zai tashi ba sai sun tafi fili tare. Shi ne ya kai shi wata ƙungiya ta rukuni na biyu, inda babu albashi sai ɗan abin da ake rabawa in an ci wasa. Kaka ɗaya ya yi a can, wata ƙungiyar rukunin farko daga arewacin ƙasar ta ɗauke shi. A nan ya san mene ne ƙwallon ƙwararru a ƙasa irin tamu: tafiyar awa bakwai a ƙaramar bas a buga wasa a juyo a daren, albashin da kan yi wata uku bai zo ba, filin da rabinsa ƙasa ce, mai tsaron baya ɗan shekara 33 mai 'ya'ya huɗu wanda ba zai bar yaro ya wuce shi ya raba shi da abincinsa ba. A ƙarshen 2019 gwiwarsa ta samu rauni. Ƙungiyar ta biya hoton farko, daga nan ta yi shiru. Ni na biya sauran, kuma wannan ne karo na farko da na ji na yi masa wani abu mai amfani. Da annobar korona ta tsayar da wasanni a 2020, kowa yana kuka, shi kuwa ta ba shi lokacin warkewa.

A watannin jinyar nan muka fara magana. Wata rana ina gasa masa gwiwa da ruwan zafi na ce masa ya yafe mini. Ya ce, "Yaya, ni ma ina so in tafi. Da ka hana ni, da na ƙi ka har abada. Abin da ya dame ni ɗaya ne, ba ka taɓa tambayata ba." Na rasa abin cewa. Shekara biyar ina yanke hukunci a kan ƙafafun da ba nawa ba.

Shi ne ya sa na lura da 'yan wasan da ban taɓa kulawa da hanyarsu ba. Ya ce in dubi Djene Dakonam, ɗan Dapaong. Daga Etoile Filante ta Lome ya tafi Benin, daga nan Coton Sport ta Garwa a Kamaru, ya yi shekaru yana buga gasannin Afirka. Sai a 2014, yana da shekara 22, ya shiga Sifaniya, a rukuni na biyu ma, wajen Alcorcon. Ya bi ta Beljiyam, ya koma Getafe a 2017, har ya zama kyaftin ɗinta. Ya ce in dubi Kodjo Laba: Anges ta Notse, sai Bitam a Gabon, sai Berkane a Maroko, sai Al Ain ta Daular Larabawa a 2019, inda daga baya suka ci kofin zakarun Asiya a 2024. Bai bi ta Turai ba, kuma ya fi da yawa daga waɗanda suka je can samun rufin asiri. Sannan ya tuna mini da Moustapha Salifou, wanda ake kira Zidane na Togo. Ya buga kofin duniya, Aston Villa ta ɗauke shi a 2007, amma wasannin da ya buga a gasar Firimiya ba su cika yatsun hannu biyu ba, ya ƙarasa a ƙananan rukunan Jamus. Ko wanda ya shiga ta babbar ƙofa, zama a benci yana iya cinye masa shekaru.

Sai na ga ashe abin da Kawu ya faɗa ke nan. Sunan unguwarmu ma daga nan ya samo asali. Zango wurin da ayari yake sauka ne ya huta, ya sayar da kaɗan, ya sayi kaɗan, ya tambayi labarin hanya kafin ya ɗaura kaya. Kakanninmu ba su taɓa tashi daga Katsina su kwana a Gwanja ba. Mu jikokinsu ne muka ɗauka ana iya tsallake zango.

A 2021 Auta ya tafi Yamai, wurin da na hana shi shekara shida da suka wuce. Wannan karon shi ya yanke shawara, ni kuma aikina shi ne na karanta kwantiragin layi-layi, na kira sakataren ƙungiyar, na tabbatar an nemi takardar sauya sheƙarsa ta hannun hukumomin ƙasashen biyu. Na kuma je na tabbatar sunan makarantarsa da ƙungiyoyin da ya bi suna cikin rajistarsa, domin a dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin ana raba wa waɗanda suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Yara da yawa a nan ba su da wannan rajista, shi ya sa ƙananan ƙungiyoyinmu suke rainon ɗan wasa wani ya ci riba. Ya yi kaka biyu a can. Sau ɗaya suka fita wasan share fagen gasar Afirka, ya kira ni daga filin jirgi yana dariya, ya ce, "Yaya, yau na hau jirgi ba da kuɗin Inna ba."

Yanzu shekararsa 28. Ya dawo Lome yana buga wa wata ƙungiya ta rukunin farko, gwiwar tana yi masa gargaɗi duk lokacin sanyi. Ya san Turai ta wuce shi, ya kuma daina jin ciwon faɗin haka. Ya sayi babura biyu da wasu samari suke haya da su, abin da muke kira zemijan a nan, yana kuma halartar kwas na neman shaidar koci. Ranar da ba shi da atisaye yana taya telan nan horar da yara. Ba shi da mota, ba a san shi a talabijin ba. Amma shekara bakwai ke nan ƙwallo tana ciyar da shi, kuma a cikin 'yan ajinsu na makaranta su huɗu ne kawai suka rage a fili.

Iyaye sukan zo wurina yanzu, wai ni na san harkar. Wani ya zo kwanan baya da wasiƙa a waya, ɗansa ya gama makarantar ƙwallo, an ce ya kawo miliyan uku. Na ce masa mu kira lambar tare. Ya ce kada mu ɓata wa mutumin rai. Na gane muryar, tawa ce ta shekara goma da suka wuce. Na ce masa, "Alhaji, tambaya uku kawai. Wa zai biya tikiti? Ina ƙofar gidan mutumin nan? Kuma shi yaron, ka tambaye shi?" Ya tashi yana cewa zai yi tunani. Ban sani ba ko ya kira.

Bara ni da Auta muka haɗa kuɗi muka sayi rabin fili a kusa da Tsevie, kilomita 35 daga Lome. Bai kai na Adetikope girma ba, ya kuma fi shi nisa, domin kuɗin da aka sayar da wancan yau ba zai sayi ko kwatansa ba. Muka kai Inna bayan babbar salla. Ta sauka daga mota da ƙyar, ta zagaya turakun huɗu tana dogara sanda, ta tsuguna ta cire ciyawar da ke jikin na ƙarshe. Auta ya miƙa mata takardun. Ta juya su gaba da baya yadda ta juya takardarsa a wancan dare, ta naɗe su a gefen zanenta, ta ce, "Wannan kam ko Makka aka ce za a kai ɗayanku, sai dai ya tafi a ƙasa."